Tukwanen Ƙasan Mekong

Tun da maƙwabciyar ƙasa ta datse Mekong daga can sama, kogin ya washe. Ruwan da aka sani jajawur da laka ya koma garau kamar idon mage, ya kuma daina tafiya.

Gwamnatoci na ta cacar baki a rediyo. Wata tsohuwa kuwa kwalekwale ta shiga, za ta watsa furanni inda aka saki tukunyar tokar gawar mijinta bara, yadda ake yi wa kowane mamaci don ruwa ya kai shi teku.

"Inna, kar ki leƙa ƙasa," in ji matuƙin.

"Kai tafi can. Na riga uwarka sanin kogin nan."

Ta leƙa. Tukwanen matattun ƙauyensu ne jere a ƙasan ruwa, babu wadda ta tafi. Ta gane ta mijinta da ɗankwalin da ta ɗaure bakin tukunyar da shi.

"Ai ba nan muka sake shi ba," ta ce. "Can tsakiya ne."

Matuƙin bai ɗago kai ba. "Jiya ma ba nan suke ba, Inna. Kullum sai sun ƙara matsowa gaɓa."