Kwantaccen Ciki

"Gwaji ya nuna akwai ciki, amma hoto bai gan shi a mahaifa ba," in ji likita. "Wataƙila ƙarami ne, wataƙila a waje ya zauna, inda zai iya fashewa. Ta dawo jibi a sake auna jini. In mara ko kafaɗa ta yi ciwo, ku garzayo."

Tsohuwa ta harari matar ɗanta. Shekara biyu ke nan da fari ya kori ɗan zuwa kudu.

"Kwantacce na, likita. Tun kafin mijinta ya tafi ya kwanta."

Suna fita garin Isa, tsohuwa ta juyo kanta. "Munafuka. Ɗana na rufa ma asiri, ba ke ba. Ba ki komawa, balle likita ya lissafa watanni gaban jama'a."

Jibi ta zo ta wuce. Ranar da matar ta faɗi gindin turmi dafe da kafaɗa, leɓɓanta fari fat, sai da tsohuwa ta gama tankaɗen dusa sannan ta kira mai amalanke.

Ramammun shanu suna jan ƙafa, tsohuwa ta duƙa kan matar cikin amalanke. "Faɗi kafin ki gamu da Ubangijinki. Wa ad da cikin?"

"Ɗanki ya zo, Inna, wata biyu ke nan. Kwana guda ya yi ɗakina. Bai samo ko tiyar gero ba, ya ce bai iya haɗa ido da ke. Shi ya sa ni rantsuwa kar in faɗi."

Tsohuwa ta fizge sandar mai amalanke, ta hau dukan shanun da ba su da sauran gudu.