Tayi Sau Ɗaya

Da dare wani Basine ya ji wani sauti kamar ana soya tsakuwa. Ashe ganguna ne a gidan Ba'indiyen da suke aiki tare a kamfanin waya na Georgetown. Murna ake yi, an ba Ba'indiyen shugabancin injiniyoyi.

"Surutu kawai ya iya," Basinen ya ce wa matarsa.

"Kai kuma shiru, maigida."

Shi aka fara yi wa tayin kujerar. Ya sunkuyar da kai ya ce bai cancanta ba, kamar yadda ake yi a garinsu, yana jiran a sake roƙonsa. Ba'indiyen kuwa, da aka yi masa tayin, kafin a rufe baki ya ce, "Yaushe zan fara?"

Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta dubi Basinen.

"Kawu, wai me ya sa ka ƙi?"