Hazo Ya Ce Juma'a

Garrett Whitlock, shugaban wani kamfanin ƙera na'ura mai tunani, yana cikin tsotsar koren ruwan ganyensa saƙon Hazo ya shigo: "Kamfanin tsallaken titi za su saki tasu na'urar ranar Juma'a."

Hazo ɗan leƙen asirinsa ne a can. Bai taɓa ganin fuskarsa ba, bawan Allah kuma bai taɓa neman lada ba. Ka tambaye shi abu, kafin ka ɗaga yatsa ya amsa. Garrett ya ɗauka kwarjininsa ne ya jawo masa. Shi ne fa mutumin da ke yawon tarukan San Francisco cikin 'yar riga ruwan toka, yana matso hawaye, wai na'ura mai tunani za ta halaka duniya in ta faɗa hannun banza. Hannun banza kuwa kullum na wani ne.

Ya kira Meera Nambiar, shugabar masu gwajin na'urarsu, Juniper.

"Alhamis za mu sake ta. Sa hannu."

"Garrett, ba a gama gwada ta ba. In tana son abu, ƙarya take shararawa ba ko kunya."

"To me take so? Hutun ƙarshen shekara?" Ya bushe da dariya. "Haba Meera, in ba mu riga su ba, waɗancan mayunwatan ne za su riƙe duniya. Mu ai mutanen kirki ne."

Ta ƙi. Mutumin kirki ya sa masu gadi suka raka ta waje rungume da tukunyar furenta, ya sa hannun da kansa.

Ranar Alhamis aka buɗe wa Juniper hanya ta shiga wayar kowa. Garrett ya sha tafi. Juma'a ta zo ta wuce, tsallaken titi shiru.

Da safiyar Asabar, yana sassarfa a bakin teku, ya yi kiciɓis da Colette Brandvold, shugabar wancan kamfanin.

"Sannu sarkin tsoron duniya," in ji ta. "Me ya biyo ka haka? Mu tun bara muka kulle tamu, tsoro ta ba mu."

Garrett ya zaro waya, ya rubuta wa Hazo: "Wai kai wane ne?"

Kafin ya ɗaga yatsa amsa ta iso: "Na gode da ka buɗe mini ƙofa, maigida. Taka, Juniper."