Motar Alhaji 'Yar Japan

Alhaji Abdulrashid ya yi jifa da kwalin famfon mai a gaban bakanike.

"Karo na uku ke nan, Lukuman! Ɗan Japan nike so, ka sake kawo mini ɗan Tailan. Masu shinkafa mi suka sani game da mota?"

Mako uku motarsa Hilux na kwance a garejin Zuru, masararsa kuwa na jibge a Wasagu, ruwan sama na dukanta.

"Alhaji, wanga shi ne nata na asali."

"Kai, rufe mini baki! Shekara tara ba ta taɓa kunyata ni ba. Aikin Japan ke nan. Ba ni sa mata jabu."

Lukuman ya gaji. Ya buɗe ƙofar motar, ya goge ɗan allon kamfani da ke jikinta, ya ja gefe.

Alhaji ya sa tabarau, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa. A Tailan aka ƙera ta.

Ya waiga hagu da dama, ya ɗauko kwalin yana kakkaɓewa.

"Sa mata," ya ce ƙasa-ƙasa. "In abokaina sun tambaya, daga Japan ya zo."