Kafin Munduwa Ta Yi Magana

Tun da aka kafa dokar, safiya ɗaya ake ba iyaye su faɗa wa yaro sakamakon gwajinsa na asibiti. Da azahar ta yi, munduwar hannunsa za ta faɗa da kanta.

Sha'aibu tela ya zaunar da 'yarsa Ladidi a kan benci, yana ta murza hula.

"Uwata, har yanzu haruffan suna yi miki rawa?"

"In na ƙura musu ido suna tsayawa, Baba."

"Likita ta ce ba laifinki ba ne. Ta ce..." Sai ya dubi munduwar hannunta.

Ladan ya ɗaga murya yana kiran sallar azahar. Munduwar ta haska, ta ce da muryar Sha'aibu sak, "Daga gobe ba za ki koma ajinku ba."

Ladidi ta dubi bakinsa a rufe. "Baba, kai ne?"

Ya gyaɗa kai.