Mai Tsayuwa Cikin Dawa

Tun da soja suka dasa idanu a kan bishiyoyi, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, masu ganin ɗumin jiki ko ta bayan ganye, aikina a sansani kallon allo ne. Kwana tara ina ganin wani farin ɗumi yana tsayawa cikin gonar dawa bayan la'asar, yana fuskantar ɗakina. Da hannuna na rubuta rahoto cewa ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne.

Yau aka kamo shi. Innata ce, da ƙullin dakuwa a gefen zane.

Ni ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona a gaban mutane ba. Na girma ina zaton ba ta damu da ni ba.

"Iya, wa kike leƙe?" in ji Kyaftin Barau.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To, shiga mota. A hedkwata za ki tuna."

Ta nufi ƙofa. Wallahi ta gwammace a tafi da ita da ta faɗa.

"Yallaɓai," na ce, "mahaifiyata ce. Ni take zuwa gani."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kofur Sallau, uwarka ka kai ƙara?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Amma allon bangon ofis, mai nuna ɗumin duk wanda ke ciki, bai san mayafi ba. Kowa ya ga fuskarta tana ci kamar garwashi, ga tawa kusa da ita, ta fi tata zafi.