Reshe Ɗaya, Fitila Biyu

Ranar Juma'a, tara ga watan Rajab, bayan an sauko daga masallaci, aka ci mutuncin wani tsohon malamin makaranta a majalisar unguwarsu. Shi wannan malami tun da ya ajiye alli ya koma kiwon murjani, ba na wuyan mata ba, mai ran nan da ke tsirowa a ƙarƙashin teku. A zaurensa akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, a samansa dogayen fitilu masu ƙarfi, farare da shuɗaye a gauraye. Murjani kuwa haske ne tuwonsa. Akwai 'yan mitsi-mitsin tsirrai a jikinsa da ke shan haske su ciyar da shi, in ya ƙoshi sai launinsa ya yi ƙasa-ƙasa. Haka na malam yake, ba kyan gani, sai yawan reshe. Wani mai otal da ya kafa akwati don baƙinsa ya sayi reshe ɗaya a wurin malam. Daga baya mai otal ɗin ya shiga shagon wani ɗan kasuwa, ɗaki mai duhu, inda aka jera murjani ƙarƙashin 'yan ƙwayayen lantarki shuɗaye marasa ƙarfi, irin waɗanda ko haƙorin mutum sai sun sa shi ƙyalli. Can ya ga murjani yana walwali, kore da ruwan hoda, ya saya har da fitilar. Shi ne a wannan Juma'ar ya ɗauko reshen malam a kwano, ya dire shi gaban jama'a, ya ce, "Malam, tsakani da Allah, murjani na biya ko ƙuli-ƙuli?" Majalisa ta kwashe da dariya. Abin da ya fi ƙona wa malam rai, cikin masu dariyar har da waɗanda shi ya koya musu riƙon fensir. Kafin mako ya zagayo, yara na kiransa Malam Mai Ƙuli.

Aminansa suka ce ya sayi irin ƙwayayen can ya huta, nasa ma ya yi ƙyalli. Ya ce ba zai sa wa murjaninsa kwalli don a so shi ba. Shuɗin haske ba laifi ba ne, in ji shi, ai shi ma yana da shi, laifin na fitilar da ke ciyar da idon mai kallo ta bar dabba da yunwa. Kuma shi a rayuwarsa bai taɓa ba ɗalibai biyu tambaya daban-daban ya ce ya gwada su ba. Sai ya ɗauki reshen nan da aka wulaƙanta, ya tsinke shi biyu a gaban shaidu, ya sa mai otal ya zaɓi rabin da yake so. Rabi ya koma zauren malam ƙarƙashin dogayen fitilu, rabi ya tafi otal ƙarƙashin fitilar ɗan kasuwa. Ana tsoma shi a can, ƙuli-ƙuli ya koma kore shar yana walƙiya. Nan take duk mai hankali ya gane ƙyallin na fitila ne, amma mai otal ya ce ai ga shi nan, fitilarsa ta gyara abin da malam ya ɓata. Malam ya ci gaba da kiwon rabinsa. Azumi ya zo ya wuce. Rabin otal yana ta ƙyalli, baƙi na ɗaukar hoto, amma ko tsawon ƙwayar shinkafa bai ƙaru ba. Kafin babbar salla namansa ya saɓule, ya bar farin ƙashi, gansakuka ta rufe shi. Waɗanda ya saya a wurin ɗan kasuwa ma duk haka suka bi shi. Rabin malam kuwa, da launinsa na ƙuli-ƙuli, ya fitar da rassa kamar yatsun hannu.

Mai otal ya lallaɓo zauren malam shi kaɗai, da turmin shadda a hammata, ya ce a yafe, a bar maganar, a kuma sayar masa da wani reshen. Malam ya tura masa shaddarsa, ya ce, "Alhaji, a majalisa ka zubar, a majalisa za ka kwashe. Ranar Juma'a, bayan an sauko, ka zo da kwanon nan naka da ƙashin da ya rage, ni zan zo da nawa. Ka faɗa da bakinka, waɗanda suka yi dariya su ji." Har yau mai otal na ta jan ƙafa, malam kuwa bai rage ko wasali ɗaya daga sharaɗinsa ba. Duk Juma'a yana nan a majalisa, kuma babu sauran mai ce masa Mai Ƙuli. Dama Hausawa sun riga sun faɗa: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.